Gurbin da Ba Ya Riƙe Sirri

Ana fara saka sabuwar manhajar, duk kwamfutocin ofis suka rubuto: "Za ki aure ni?"

Mai rubuta manhajar ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shi fa a wani lungun shirin ya buɗe gurbin ajiye rubutu ya ɓoye tambayar, don abokiyar aikinsa mai gwajin manhaja kaɗai ta gani. Ya manta a wannan yaren kwamfutar, abin da ka ajiye a lungu ko'ina yake leƙawa.

"Har ni?" in ji oga, yana shafa gemu. Ofis ya kece da dariya.

Mai gwaji ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta canza rubutun gurbin, ta sake turawa.

Kowane allo ya amsa: "Sai yau ka tambaya?"