Ranar Kwance Majanyi

An haifi Ummita ƙashin ƙugunta bai zauna a gurbinsa ba, sai asibiti ya ɗaura mata majanyi mai magana. Shi ke riƙe cinyoyinta a buɗe, kuma ba mai kwance shi sai ya yarda. Yau mako goma sha biyu ya cika. In ƙugun bai zauna ba, sai tiyata.

Tun da hantsi uwarta Zinatu ke zagaye tabarmar da Ummita ke kwance a kai. Surukarta, Inna Laure, har ta ɗora ruwan wanka.

"Inna, don Allah ban da miƙar ƙafa."

"Ji yarinya! 'Ya'ya tara na miƙe, wa ya gurgunce?"

Majanyin ya yi ƙyas, ya ce, "Ƙugu ya zauna." Ya saki.

Zinatu ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ta suri 'yarta, tana sumbatar cinyoyin nan.

Ummita ta tsala kuka. Nono bai yi ba, goyo bai yi ba. Daga kan tabarma majanyin ya ce, "Yi shiru, Ummita."

Ta yi tsit, tana miƙa masa hannu.