Wanda Ya Zauna Jiran Takarda

Kai da kake cewa ba za ka sake shiga cikin mutane ba sai ka samu aiki, gyara zama ka ji. An yi wani mutum, shekararsa goma sha tara yana kan inji ɗaya a wata masaƙa. Da kasuwa ta karye, kaya suka ƙi fita, aka miƙa masa takardar sallama tare da mutum ɗari uku. Sauran ba su watse ba. Duk Litinin da safe sai su hallara a rumfar mai shayi da ke bakin ƙofar masaƙar, a gaisa, a ji wanda ya haihu da wanda yake kwance. Shi ma ya je sau biyu. A na uku wani abokin aikinsa ya ga bai ce a haɗa masa komai ba, ya saya masa shayi da burodi. Shi ke nan fa, wai an ci masa fuska! Mutumin nan akwai zuciya, ga girman kan tsiya. Ya kai matarsa da yara ƙauye wurin iyayenta, ya ce su zauna kafin abubuwa su daidaita. Ya saki gidan hayarsa ba tare da ya yi wa kowa sallama ba, ya jefar da layin wayarsa, ya kama ɗaki ɗaya can bayan gari inda ba wanda ya san shi, ya shiga tura kurar ruwa. In ya hango fuskar da ya sani sai ya karkata kurar ya faɗa lungu. Abinci shi kaɗai, Sallah shi kaɗai. Ya yi zazzaɓin kwana huɗu, ko mai ce masa sannu bai samu ba. Kewa tana cinsa, wallahi tana cinsa, amma ya gwammace ta a kan a gan shi da jarkoki.

Ana nan, a shekara ta uku, sai al'amura suka fara motsi, kuma kada ka ɗauka bai lura ba, idonsa a buɗe yake. Ya ga motocin auduga sun dawo hanya. Ya ji a rediyo ana cewa an rage korar ma'aikata, wasu kamfanonin ma sun fara ɗauka. Wata rana da yake tura ruwa ya hango an yi wa motar ɗaukar ma'aikatan masaƙar sabon fenti. Ya ciro kakinsa daga ƙasan jaka ya wanke, ya aika wa matarsa cewa ta fara ɗaure kaya. Sai ya zauna jira. A tunaninsa tunda da takarda aka sallame shi, da takarda za a kira shi, ya koma da mutuncinsa. To, takardar ta bi ta ina? Masu masaƙar ma ba su rubuta wa kowa ba. Kiran shugabannin sashe suka yi, suka ce kowa ya nemo tsofaffin hannayensa nan da Alhamis. Su kuwa rumfar mai shayi suka nufa, wanda ba ya nan aka tura wanda ya san gidansa.

Ranar da ya ji jiniyar masaƙa ta yi kuka daga nesa, ya ajiye kura ya sa kaki ya tafi, har da ɗan gudunsa. Ya tarar an rufe ƙofa, mai gadi ya ce an cika tun makon jiya. Yana tsaye sai ga abokin nan mai sayen shayi ya leƙo ta tsakanin ƙarafa. Ya dube shi ya ce, "Haba, bawan Allah! Sau uku ina zuwa tsohon gidanka, mai gidan ya ce bai san inda ka koma ba. Kwana shida muka hana a ba kowa injinka." Aka kira shi daga ciki, ya juya ya tafi. Mutumin ya daɗe a bakin ƙofar yana jin ƙarar injin da ya fi kowa sani, yana tunanin abin da zai gaya wa matar da ta riga ta ɗaure kaya. Ai dama Hausawa sun faɗa: zumunta a ƙafa take.