Wayar da Sharfaddeen Ya Yanke

Kaya sun yi wa Sharfaddeen yawa a daminar nan. Dilolin tufafin da ya sayo a kasuwar Shisanhang sun cika ɗakunan da yake haya a hawan ƙarshe na wani tsohon bene a unguwar Baiyun, can ƙasar Sin, har matarsa Nana Hafsat sai ta karkace take wucewa kicin. Sai ya yanke shawarar kafa rumfa a saman benen ya jibge sauran kafin ranar lodi.

Abu ɗaya ya tare masa wuri. Wani dogon ƙarfe ne tsaye a kusurwa, da waya mai kauri da ta taso daga gindinsa, ta ratsa tsakiyar rufin, ta bi bango har cikin ƙasa. Yana riƙe da zarto Izzuddeen ya hawo, wani ɗan unguwarsu a Kano da ke karatu a jami'a a nan garin.

"Yaya, don Allah kar ka taɓa wayar nan," in ji shi. "Maganin tsawa ce."

"Tsawa kuma tana da magani?"

Izzuddeen ya ba shi labarin Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin dattawan da suka kafa ƙasar Amurka. Ya ce mutum ne da ba ya ganin abu ya wuce bai tambayi dalilinsa ba. Shi ya yi ta gwaje-gwaje har ya tabbatar walƙiya wutar lantarki ce, sannan ya ƙirƙiro wannan ƙarfen. In tsawa ta faɗo, ƙarfen ne ke karɓarta, wayar ta kai ta ƙasa, mutanen gida su tsira.

Sharfaddeen ya yi dariya. "Ku 'yan boko kenan. Abin da Allah ya aiko, waya ce za ta tare shi?"

"Ai Allahn ne ya ba mutum hankalin gano ta, Yaya."

Bai saurare shi ba. Ya datse wayar, ya kafa rumfarsa. Da Nana Hafsat ta ga ƙarfen tsaye ba ya aikin komai, sai ta ɗaura igiyar shanya a jikinsa.

Wata Laraba bayan la'asar hadari ya haɗo, gari ya yi baƙi ƙirin. Tsawar farko ta girgiza tagogi, 'yarsu Firdausi ta ƙanƙame ƙafar ubanta tana kuka. Maganar Izzuddeen ta dawo masa, ya waiga bai ga matarsa ba.

"Ina Ummanki?"

"Ta hau kwaso shanya."

Ya zabura ya nufi matakala yana ƙwala mata kira. "Hafsat! Sauko! Bar kayan nan!"

Yana tura ƙofar rufin ya hango ta tana kwance jiƙaƙƙiyar igiyar daga jikin ƙarfen. Wani farin haske ya rufe masa ido, ƙara ta jefar da shi baya. Da ya miƙe, ƙauri ya cika wurin. Tana kwance cikin ruwa ba ta motsi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Ya rarrafa ya ɗago kanta yana jijjiga ta, yana ihu da Hausa a garin da ba mai jin abin da yake faɗa. Maƙwabta 'yan Sin ne suka kira motar asibiti.

Ta rayu, da ƙuna daga tafin hannu har kafaɗa. Amma likita ya ce kunnuwanta sun tafi, da wuya jin ya dawo. Ranar da aka kawo mata Firdausi, yarinyar ta yi ta kiran "Umma, Umma," uwar tana kallon bakinta kawai, hawaye na zuba. Sharfaddeen ya kasa tsayawa, ya fita waje ya dafa bango.

Jama'a, abin da ba ku san amfaninsa ba, ku tambaya kafin ku lalata shi. Ilimin da wani ya sha wahalar ganowa don kare rayuka ni'ima ce daga Allah, kuma watsi da shi jahilci ne, ba tawakkali ba.