Tukunyar Mara Lafiya

Kai da kake cewa ciwon daji in ya kama talaka sai dai a fara haƙa kabari, gyara zama ka ji. A wani ƙauyen magina tukwane, can hayin kogi, an yi wata mata da hannunta ya yi suna. Randarta ko ido rufe ka shafa ka san tata ce. Wata rana tana wanka ta ji ƙullutu a mamanta na dama, bai fi gurjiya ba. Ta tuna maƙwabciyarta da aka kai birni bayan abu ya riga ya ci ƙarfi, aka sayar da gona da shanun huɗa, aka dawo da gawa. Ga kuma maganar da ke bakin kowa, wai daji ba ya son allura. Sai ta ja baki ta tsuke, ta ce gara ta tafi ita kaɗai da ta bar 'ya'yanta ba gona. To amma yumɓu ba ya rufa wa kowa asiri. Hannun ya soma nauyi, bakin tukwanenta ya soma karkacewa. Ranar gasa tukwane, tsohuwar da ta koya mata gini ta ɗauki guda ta jujjuya, ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ba hannunki ba ne. Me ke cin ki?" Nan fa kuka ya ƙwace mata, ta faɗa mata komai.

Tsohuwa ba ta yi wata-wata ba. Ta tara matan, aka tsayar da magana: duk ranar gashi kowace mace za ta ƙara tukunya ɗaya, ta mara lafiya, a sayar a tara kuɗin magani. Direban da ke kai musu kaya kasuwa ya ce kujerar gaba tata ce. Ashe ma ba sai an dangana da birni ba! Likitan ciwon daji na zuwa asibitin garin da suke cin kasuwa duk wata, tsoro ne ya hana kowa tambaya. Ya duba, ya ce Allah ya sa an zo da wuri. Aka yi mata aiki, aka shiga allurar nan da ake gudu. Ta sha wuya, wallahi: sumar kanta ta zube, abinci ya ƙi zama a ciki, har tsoron farko ya so ya hana ta komawa, matan suka tasa ta gaba. Da damina ta zagayo, likita ya ce bai ga sauran ciwon ba, sai dai ta riƙa leƙowa ana dubawa. Ta sauke ajiyar zuciya, ta yi hamdala har da hawaye. A hanyar gida ta sa direba ya tsaya, ta sauka ta kalli gonarta, gero ya kai ƙugu, 'ya'yanta na ciki suna noma.

Gashin da ya biyo baya, ita ta fara ajiye tukunyar ƙari, bakinta daidai kamar dā, don mara lafiya ta gaba, wadda ba a san ko wace ce ba tukuna. Ai dama Hausawa sun faɗa: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.