Unguwar Baƙi

Tambayar da mijin ya saba yi duk inda shi da matarsa suka je neman gida a ƙasar Turawa, ita ya yi wa tsohuwar da ke riƙe da makullin wani gida a Fagge. Sau uku suna tashi daga unguwa a can saboda launin fatarsu, har 'yarsu ta daina fita wasa. Shi haifaffen can ne, Hausar ma a bakin matarsa ya tsince ta.

"Hajiya," ya ce, yana shafa bayan hannunsa, "a nan ana son baƙi?"

Tsohuwar ta yi dariya. "Ɗan nan, ai Fagge ta baƙi ce. Kakana daga Barno ya zo fatauci, bai koma ba. Mai shagon can, iyayensa Yarabawa ne. Ka tsallaka Sabon Gari, can ma kowa zuwa ya yi. To, wa zai kori wa?"

Matarsa ta buɗe baki za ta ce baƙar fata yake nufi, ba baƙunta ba, sai ta ji hannunta wayam. Yarinyar da ba ta taɓa sakin hannunta a titi ba tana can bakin layi, cikin yara masu 'yar gala-gala, har an miƙa mata dutse.

"Ba mu makullin, Hajiya," ta ce a hankali.

Ta sake waiwayawa wajen yaran. Sai da ta duba sau biyu kafin ta gane wacce ce tata.