Ɗan Damben da Aka Auna Yana Tsuma

Ke Tasalla, kwance mini wannan ɗamarar daga dantse, ki zauna. Yanzun nan na gama guje-guje da awakin maƙwabta da suka afka mini cikin shanyar kalwa, haki bai sake ni ba, kika naɗa mini abin awon jininki. Wai jinina ya hau, wai in bar daddawa, sana'ar da na ciyar da ubanki da ita. Ban yi boko ba, amma buɗe kunnenki.

An yi wani ɗan dambe, ɗan mahauta, wanda ya shekara bakwai bayansa bai taɓa ƙasa ba. Wata kaka aka haɗa shi da wani shago, gwanin dambe, daga hayin kogi, karon da garuruwa biyu suka daɗe suna jira. A shekarar ne masu shirya wasa suka kawo sabon tsari: ba mai shiga fage sai malamin asibiti ya auna shi. Tsarin ba laifi. To amma malamin nan ya makara, bai iso ba sai da fage ya cika, an naɗe wa ɗan damben hannu da zare, makaɗinsa ya saki takensa a kalangu yana ambaton kakanninsa. Duk wanda ya taɓa zuwa dambe ya san abin da take ke yi wa namiji. Tsuma ta kama shi, jiki na ɓari, idanu sun kaɗa sun yi ja, jijiyar wuya ta miƙe kamar igiyar guga. A haka, a tsaye, malamin ya kama dantsensa ya matsa iska. Idonsa na kan lamba. Ko sau ɗaya bai ɗaga kai ya dubi mutumin da ke gabansa ba, balle ya ce a tsayar da kiɗa, a ba shi inuwa da ruwa. Ya rubuta a takarda: hawan jini, zuciya ba lafiya, ba zai yi wasa ba. Aka kwance masa zare a gaban jama'a, mutanen hayin kogi suna sowa.

Bayan mako biyu uwarsa ta ja shi wurin wata tsohuwar ma'aikaciyar asibiti. Ita wannan ta san aikinta. Ta zaunar da shi a kan benci, ta yi ta jansa da hirar farashin shanu har numfashinsa ya kwanta, sannan ta auna. Ta ce ya dawo gobe, ya dawo jibi. Safiya uku, awo uku, jininsa lafiya lau kamar na ɗan yaye. To me ya amfana? Kaka ta wuce, an tashi wasa, makaɗan hayi sun riga sun saka shi a waƙa, wai shi ne ragon da ya ɓuya bayan takardar likita. 'Yan mata na rera ta a bakin rijiya. Takarda ta biyu ta wanke jininsa, amma wa zai bi gari-gari yana karanta wa mutane ita? Bai ƙara naɗa zare ba. Ya ƙare yana fiɗa a mahauta, in ya ji kalangu sai ya sunkuyar da kai.

Abin awon bai yi ƙarya ba, 'yar nan. Abin da ya tarar shi ya faɗa. Mai riƙe da shi ne makaho. Saboda haka ki zo gobe bayan na karya kumallo na huta, ki zo jibi, ki zo gata. In ya faɗi magana ɗaya sau uku, kawo ƙwayoyinki in haɗiya, ba gardama. Amma kafin ki dubi lamba, dube ni tukuna. Ba a banza magabata suka ce ba: labarin zuciya, a tambayi fuska.