Ƙuri'a Ta Huɗu

Koci ya daki tebur har ruwan kofin Shugaba ya zube a kan takardu.

"Huɗu da uku? Wallahi akwai munafuki a ɗakin nan!"

Shi fa ba koci ba ne a takarda. Malamin tarihi ne, ɗalibai suka laƙaba masa sunan, don shekara goma sha ɗaya ke nan yana tara su a filin bayan ɗakin karatu, da usur a wuya, ba wanda ya sa shi. Da aka taso da maganar ko kwalejin ta kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa a hukumance, shi ya fi kowa zaƙewa. Ko da safiyar ranar sai da ya shafe turakun raga da shuɗin fenti, wai na murna, ya shigo taro a makare yana goge hannu a wando.

Kwamitin mutum bakwai ne. Uku tun farko sun ce ba sa so, ba su ɓoye ba. Huɗu sun yi alkawarin goyon baya. Shugaba ya karanta sharuɗɗan kafa ƙungiyar da sauri kamar ana korarsa: katanga, likita, riguna, mai horarwa daga waje mai takardar shaida. Aka raba ƙuri'u, kowa ya rubuta ya ninke. Sakatariya ta ƙirga, a'a ta yi rinjaye.

Koci ya juya kan Malamar Kimiyya.

"Ke ce! Tun ranar da ƙwallo ta fasa miki taga kike riƙe da mu."

"Ni? Malam, ka ji tsoron Allah. E na rubuta."

"Sai ki faɗa wa yaran da bakinki."

Bai ma bari ta faɗa ba, shi ya riga ta. Kafin a tashi labari ya gama kwalejin. Washegari ajinta wayam. Aka sace mata iskar taya, wani marar kunya ya rubuta "maciya amana" a ƙofar ofishinta. Matar da ke ɗaure musu ƙafa duk ranar da suka targaɗe, yau ko gaisuwa ba ta samu. Abin takaici, Shugaba ya kau da kai, shi dai a bar shi ya zauna lafiya.

Sakatariya ce abin ya tsaya wa a rai. Da idonta ta ga malamar tana rubuta takardar neman canjin wurin aiki. Ta koma ofis, ta ja ƙofa, ta zazzage ambulan ɗin ƙuri'un ko za ta gane rubutun wani. Ina! Duk da manyan baƙaƙe aka yi, babu mai kama da na kowa.

Ƙarar usur ta shigo ta taga. Ga Koci can a tsakiyar fili, ɗalibai sun kewaye shi, yana dukan ƙirji.

"Ko sun so ko sun ƙi, ina nan tare da ku. Ba mai raba mu!"

Suka ɗauki tafi. Sakatariya ta ja tsaki, ta shiga mayar da takardun ɗaya bayan ɗaya. Da ta juya takardar a'a ta huɗu, daidai bakin ninkin, sai ga shatin babban yatsa da shuɗin fenti.